Komawa Aji Bayan Furfura: Horon Ƙwarewa Ga Masana Halayyar Ɗan Adam Masu Rajista a Ostareliya

Jawabin da ɗaya daga cikinmu ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai



Mai girma Shugaban wannan taro, Shugaban ƙungiyarmu da 'yan majalisarsa, Shugaban makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, 'yan'uwana da muka sha gabza tare, da kuma ƙannenmu ɗalibai da na hango sun yi cincirindo can baya, ina yi muku barka da war haka. Ina godiya ƙwarai da aka ga dacewar a ba ni wannan dama, alhali kuwa a cikinmu akwai waɗanda suka fi ni iya magana nesa ba kusa ba. Malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu da rahama.

Gabatarwa

Lokacin da Sakataren ƙungiya ya buga mini waya, cewa ya yi, "Malam, mun ji labarin wai ka koma makaranta bayan ka haura hamsin. To ka zo ka faɗa mana abin da ya kore ka." Muka yi dariya, amma da na ajiye wayar sai na ga lalle tambayar ta cancanci amsa. Shi ya sa jawabin nawa zai tsaya a kan abu uku: wane irin karatu ne na koma na yi, me ya tilasta mini yin sa, sannan mene ne ruwanmu da shi, mu da ke zaune a wannan zaure.

Kafin nan, bari in tuna wa 'yan ajinmu wani abu. Muna aji huɗu akwai wani ɗan'uwanmu da gadonsa ke kusa da nawa a ɗakin kwana. Ba zan ambaci sunansa ba, waɗanda suka san shi sun san shi. Yaro ne mai ƙoƙari, musamman a lissafi. A zango na biyu sai ya daina shiga mutane, ya daina zuwa cin abinci, da dare kuma in ka farka sai ka gan shi zaune bakin gado ya zura wa bango ido. Mu kuwa, da ƙuruciya da rashin sani, sai muka laƙaba masa suna, muka riƙa tsokanarsa. Wasu suka ce karatu ne ya taɓa shi, wasu suka ce gamo ya yi a bayan ɗakin girki. Wata Asabar aka zo daga gida aka kwashe akwatinsa, ba mu sake ganinsa ba. Yau shekara wajen arba'in ke nan, amma ban daina tunaninsa ba, kuma ina jin shi ne mafarin duk abin da zan faɗa muku.

Likitan Ƙwaƙwalwa Da Masanin Halayya

Sau da yawa in na ce wa mutanenmu ni masanin halayyar ɗan Adam ne, sai su ce, "Af, ashe likitan mahaukata ne." To ba haka abin yake ba, akwai bambanci. Likitan ƙwaƙwalwa mutum ne da ya karanta aikin likita tun daga tushe, sannan ya ƙware a kan cututtukan da ke taɓa hankali. Shi ne ke rubuta magani, shi ke kwantar da majinyaci a asibiti in ta kama. Masanin halayya kuwa, wato wanda ya karanta saikoloji, a yawancin ƙasashe ba ya rubuta ƙwaya ko allura. Aikinsa shi ne auna yanayin tunani da ɗabi'a da fahimtar mutum, da gano abin da ke damunsa, da yi masa magani ta hanyar tattaunawa mai tsari da horar da shi sababbin dabarun rayuwa. Su biyun abokan aiki ne, kamar magini da kafinta a gini ɗaya.

Shi wannan ilimi bai daɗe da tsayawa da ƙafarsa ba. A shekarar 1879 ne Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin binciken halayyar ɗan Adam na farko a Jami'ar Leipzig ta Jamus. Wani ɗalibinsa ɗan Amurka, Lightner Witmer, shi ya fara fitar da ilimin daga ɗakin bincike ya kai shi ga masu buƙata, inda ya buɗe wurin duba yara masu matsalar karatu da ɗabi'a a Jami'ar Pennsylvania a 1896. Daga nan aka sami reshen da nake magana a kai, wato saikoloji na jinya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojoji da yawa suka koma gida da raunin da ba a gani da ido, buƙatar masu wannan aiki ta ƙaru ƙwarai. Saboda haka a 1949 aka yi wani babban taro a garin Boulder na Amurka, aka tsai da shawarar cewa duk wanda za a horar a wannan fanni sai ya haɗa abu biyu: ya iya bincike irin na kimiyya, ya kuma iya zama da majinyaci. Har yau wannan ita ce ƙashin bayan horon a ƙasashe da dama, ciki har da Ostareliya inda nake aiki.

Yadda Tsarin Yake a Ostareliya

Ni dai kun sani a nan gida na yi digirina na farko, a Jami'ar Jos. Bayan na yi wasu shekaru ina aiki, sai hali ya kai ni birnin Melbon a 2009. A can na tarar ba kowa ke kiran kansa masanin halayya ba. Tun daga ranar 1 ga Yuli, 2010, ƙasar ta haɗe rajistar ma'aikatan lafiya wuri guda, aka kafa hukumar da ke kula da masana halayya ta ƙasa baki ɗaya. Duk wanda ya ɗora wa kansa wannan suna ba tare da rajista ba, ya karya doka, ana iya gurfanar da shi.

Kafin a ba mutum cikakkiyar rajista sai ya yi shekara shida yana karatu da horo. Shekara huɗu na farko a jami'a ake yin su. Sauran biyun kuma, a lokacin da na shiga, hanya uku ce. Ta farko, ka yi shekara biyu kana aiki a ƙarƙashin wani gogagge da ke duba ka. Ta biyu, ka ƙara shekara ɗaya a jami'a, sannan shekara ɗaya ta aiki ƙarƙashin kulawa. Ta uku, ka zarce ka yi digiri na biyu ko na uku a wani fanni na musamman. Ni ta farkon na bi, na zauna jarrabawar ƙasa, aka ba ni rajista a 2014. Ita wannan hanya an rufe ɗaukar sababbin mutane a cikinta tun ƙarshen watan Yuni na 2022. Rajistar kuma ba ta har abada ba ce. Kowace shekara sai an sabunta ta kafin ƙarshen Nuwamba, kuma sai ka nuna ka yi sa'o'i 30 na ƙarin ilimi, goma daga ciki kana tattauna aikinka da abokan sana'a.

To, bayan wannan rajista ta gama-gari, akwai wani mataki da ake kira amincewa da ƙwarewa. Fannoni tara ne hukumar ta amince da su: na jinya, na nazarin aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, na ba da shawara, na al'umma, na ilimi da girman yara, na shari'a, na lafiyar jiki, na ma'aikatu, da na wasanni da motsa jiki. Wanda bai sami wannan amincewa ba, ko da ya shekara ashirin yana duba majinyata, ba shi da ikon kiran kansa masanin halayya na jinya.

A da, irinmu da suka sami rajista ta hanyar aiki, in suna son wannan mataki sai dai su koma su yi cikakken digiri na biyu na shekara biyu tare da yaran da ba su taɓa ganin majinyaci ba. Daga baya, bayan an sabunta ƙa'idojin tantance kwasa-kwasai a 2019, wasu jami'o'i da cibiyoyi suka buɗe kwas na musamman domin masu rajista kaɗai. Sharaɗin shiga shi ne ka yi aƙalla shekara ɗaya kana aiki da cikakkiyar rajista. Ana yin sa cikin shekara ɗaya ga wanda ya ajiye komai, ko shekara biyu ga mai haɗawa da aiki. Wannan shi ne karatun da na koma na yi. Ina ƙara jan hankalin duk mai sha'awa cewa hukumar tana ta sake duba tsarin horon a 'yan shekarun nan, don haka ya nemi ƙa'idar da ke aiki a ranar da zai nema.

Abin Da Ya Mai Da Ni Aji

Yanzu sai mu zo ga tambayar Sakatare. Zan ba ku labarin kuskurena, na kuma sauya wasu bayanai don kare sirrin mai abin.

A 2019 ina aiki a wata cibiya da ke taimakon baƙi da 'yan gudun hijira. Aka turo mini wani saurayi mai kimanin shekara ashirin da biyar, takardar likitansa ta ce ciwon damuwa ke damunsa, an kuma ɗora shi a kan magani. Da na gan shi, komai ya yi daidai da takardar: ba ya jin daɗin komai, ba ya iya tashi da safe, yana ganin kansa ba shi da amfani. Muka fara aiki. Mun yi zama biyar ana tafiya a hankali. Ranar zama na shida sai ga shi ya shigo da fara'a, ya sha sababbin kaya, yana magana kamar ana zuba ruwa. Ya ce mini ya warke, ya ce zai buɗe kamfani, har ya fara rubuta littafi. Jama'a, wallahi murna na yi. Na rubuta a fayil cewa an sami ci gaba mai yawa, na koma gida ina jin kaina.

Bayan kwana goma 'yar'uwarsa ta kira cibiyar tana kuka. Ashe ya kwana bakwai ba ya barcin kirki, ya kwashe kuɗin da iyalin suka tara ya ɓarnatar, ya ci bashi, daga ƙarshe sai da aka kwantar da shi a asibiti. Abin da ke damunsa ba damuwa ce kaɗai ba. Ciwo ne mai fuska biyu, wanda ke jefa mutum cikin baƙin ciki na wani lokaci, sannan ya ɗaga shi sama ya cika shi da zumuɗi da ƙarfin da ya wuce kima. Mai irin wannan ciwo, in aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai, yana iya tunzura fuskar ta biyu. Abin da na ɗauka waraka ce, ashe alamar haɗari ce.

Da muka zauna bitar lamarin, wata babbar abokiyar aiki, wadda ta yi horon jinya, ta yi mini tambaya biyu cikin ladabi. Ta ce, "Ka taɓa tambayarsa ko an yi wani lokaci a baya da ya kwana biyu ko uku bai yi barci ba amma bai ji gajiya ba? Ka tambaye shi ko akwai mai irin wannan a danginsu?" Ban tambaya ba. Da na tambaya, da ya gaya mini, domin daga baya mun gano abin ya taɓa faruwa da shi, kuma akwai kawunsa mai irin ciwon. Na karɓi abin da takarda ta ce ban sake aunawa da kaina ba. Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ranar nan na san ma'anar wannan magana.

Wani abin da ya ƙara sa ni jin kunya shi ne, maganin da ya fi shahara ga wannan ciwo, wato litiyam, a wannan birni na Melbon aka gano amfaninsa. Wani likita mai suna John Cade ne ya wallafa sakamakon gwajinsa a 1949. Ga ni zaune a garin, ciwon ya shigo ofishina ya zauna a kujera, ban gane shi ba. Alhamdu lillahi saurayin ya sami sauƙi, ya koma aikinsa. Ni kuwa na kasa samun natsuwa sai da na cika takardar neman shiga kwas.

Yadda Horon Ya Kasance

Na fara a 2021, ina haɗawa da aiki. Lokacin annobar korona ce, kuma kun ji labarin yadda aka kulle Melbon, jimilla sama da kwana 260 tsakanin 2020 da 2021. Saboda haka darussa da yawa ta kwamfuta muka yi su, har wasu majinyatan ma ta nan muka riƙa ganinsu. Horon ya kasu kashi uku: darasi, aikin asibiti, da bincike.

A ɓangaren darasi, abu na farko shi ne gano ciwo. Akwai manyan kundaye biyu da ake aiki da su, ɗaya na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda bugunsa na biyar ya fito a 2013 aka yi masa gyara a 2022, ɗayan kuma na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda bugunsa na goma sha ɗaya ya fara aiki a Janairun 2022. Ba haddace sunayen cututtuka ake so ba. Abin da ake so shi ne ka iya rarrabe ciwo da ɗan'uwansa mai kama da shi, ka kuma san lokacin da za ka mai da mutum ga likita, domin akwai ciwon jiki, kamar na maƙoƙo, da ke zuwa da kamannin damuwa.

Abu na biyu, wanda ya fi burge ni, shi ne tsara bayanin matsala. Ga kowane majinyaci sai ka amsa tambaya huɗu. Me ya sa wannan mutum ya kasance mai saurin kamuwa tun asali? Me ya tayar da ciwon a wannan lokaci? Me ke hana shi warkewa? Wane ƙarfi ne kuma yake da shi da za a dogara a kai, kamar iyali ko sana'a ko imani? Alal misali, mutum biyu na iya zuwa da tsoron fita kasuwa, amma ɗaya tsoronsa ya samo asali daga harin da ya tsallake, ɗayan kuma daga faɗuwar gaba da ke zuwar masa haka kawai. Sunan matsalar na iya kamanceceniya, amma maganin ba ɗaya ba ne.

Abu na uku shi ne hanyoyin magani da bincike ya tabbatar da amfaninsu. Babba a cikinsu ita ce hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda Aaron Beck na Amurka ya assasa a shekarun 1960. Taƙaitaccen bayaninta shi ne, abin da mutum ke gaya wa kansa game da wani lamari shi ke juya yadda yake ji da abin da yake aikatawa. Wanda ya faɗi jarrabawa ya ce wa kansa "ni ba ni da amfani" zai janye daga mutane, janyewar ta ƙara masa baƙin ciki, baƙin cikin ya ƙara tabbatar masa da maganarsa. Aikinmu shi ne mu taimake shi ya auna wannan magana da hujja, ya kuma koma ga ayyukan da ya bari, kaɗan-kaɗan. Haka mai tsoro, ba a ce masa ya daina tsoro, ana kusantar da shi ga abin tsoron ne mataki-mataki har jikinsa ya koyi cewa babu haɗari.

Sai aikin asibiti, wanda ya ɗauki aƙalla sa'o'i 750. A nan ne girman kai ke karyewa. Da izinin majinyaci ake ɗaukar zamanku a bidiyo, sannan ka zauna da malamin da ke duba ka ku kalla tare. Wadda ta fara duba ni ta girmi babbar 'yata da kaɗan ne kawai. Ranar farko ta tsayar da bidiyon ta ce, "Ka lura matar nan ta yi shiru za ta faɗi wani abu, sai ka katse ta da nasiha?" Na kalla, haka ne. Na ƙirga, cikin minti goma na katse ta sau huɗu. Mu da muka taso a inda babba ke magana yaro na saurare, koyon yin shiru ya fi mana wuya fiye da kowane littafi. Ranka ya daɗe Malaminmu na Turanci, wanda ya sha rubuta mini "surutu ya yi yawa" a rahoton ƙarshen zango, ga shi yau na zo na amsa laifina a gaban jama'a.

An kuma koya mana tambayar da kowa ke gudu, wato tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Mutane na jin tsoron cewa tambayar za ta sa masa ra'ayin a zuciya. Bincike ya nuna ba haka ba ne, sau da yawa ma sauƙi mutum ke ji in ya sami wanda bai tsorata da maganar ba. Haka nan an ja mana kunne a kan al'ada. Gwajin basira da aka tsara shi da yaran Turawa, in ka ɗora shi a kan yaron da ya taso a wani harshe da wata rayuwa, kana iya zaluntarsa. Ostareliya ta ɗanɗana wannan da 'yan asalin ƙasar, har ta kai ƙungiyar masana halayya ta ƙasar ta fito fili ta nemi gafararsu a 2016.

Na gama kwas a ƙarshen 2022, amma ba a nan aka tsaya ba. Sai da na ƙara sa'o'i 3,000 na aiki, kimanin shekara biyu, tare da sa'o'i 80 na zama da mai duba ni da wasu 80 na ƙarin ilimi, kafin hukumar ta amince da ni a 2025. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya ci kuɗi, ya ci lokaci. Na rage kwanakin aiki, albashi ya ragu, aikin asibitin kuma ba a biya na ko kwabo. Uwargidana ce ta riƙe gidan, ina kuma gode mata a gabanku. Akwai daren da ni da ɗana muka zauna a tebur ɗaya kowa na shirin jarrabawarsa. Gemu dai ba ya hana ilimi, amma yana sa mutum ya riƙa gyangyaɗi da wuri.

Gardamar Da Ke Cikin Lamarin

Adalci ne in gaya muku cewa ba kowa ya yarda da wannan tsari ba. A watan Nuwamba na 2006 gwamnatin Ostareliya ta shigar da ganin masanin halayya cikin inshorar lafiyarta ta Medicare. A ƙarƙashin shirin ana mayar wa majinyaci wani kaso na kuɗin zama goma a shekara. An ninka su zuwa ashirin lokacin korona, aka dawo da su goma daga Janairun 2023. To amma kuɗin da ake mayarwa in ka ga mai takardar jinya ya fi wanda ake mayarwa in ka ga mai rajistar gama-gari. Wannan ya raba kan 'yan sana'ar. Masu rajistar gama-gari na cewa aiki ɗaya suke yi, majinyata iri ɗaya suke gani, don me za a fifita wasu? Masu takardar jinya kuma na cewa ƙarin shekarun horo ba wasa ba ne.

Ni da na zauna a ɓangarorin biyu, ga abin da na gani. Na san masu rajistar gama-gari da har gobe ban kama ƙafarsu ba wajen iya zama da mutum, kuma takarda ba ta sa wa kowa tausayi. Amma ni a karan kaina, horon ya toshe ramukan da ban san ina da su ba. Ba kuma zan yi muku ƙarya in ce maganar kuɗi ba ta zo mini a rai ba. Ta zo. Sai dai abin da ya fi amfanata shi ne shekara huɗu da na yi wani na kallon aikina yana gaya mini gaskiya. Wanzami ba ya son jarfa, amma duk mai taɓa rayuwar mutane ya kamata ya saba da ita.

Mu Fa a Nan Gida?

Wani zai ce, to Malam, wannan duk labarin wata ƙasa ne. Haka ne, kuma ban zo in ce mu kwafo tsarinsu ba. Hasali ma a wannan fage mun taɓa koya wa duniya darasi. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda majinyata ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu suna zuwa asibiti da rana, maimakon a kulle su. Mutumin nan ya kai har muƙamin Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Sannan a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Jihar Sakkwato, kuma jami'o'i irin su Jos da Ibadan suna ba da digiri na biyu a saikoloji na jinya.

Buƙatar kuwa ba sai an faɗa ba. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, na shekarar 2018, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. Ga waɗanda rikici ya raba da gidajensu, ga matan da ke shiga damuwa bayan haihuwa ana cewa raki ne. Duk waɗannan suna buƙatar wanda ya san aikin, ba wanda ya yi kwas na mako biyu ya buga kati ba.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu abu uku. Na farko, mu taimaka wa makarantar nan ta sami malamin ba da shawara wanda aka horar, a ba shi ɗaki mai ƙofa inda yaro zai yi magana ba a ji ba, kada kuma a cika shi da darussa har ya rasa lokacin aikin. Na biyu, cikin tallafin karatu da muke bayarwa, mu ware gurbi ɗaya ga tsohon ɗalibin da zai yi digiri na biyu a wannan fanni a nan gida, da sharaɗin ya dawo ya yi wa jiharmu aiki. Na uku, ni na ɗauki alkawarin duk lokacin da na zo hutu zan ba da kwana biyu kyauta in zauna da malamai da shugabannin ɗakunan kwana, mu bi alamomin da ya kamata su sa a kai yaro asibiti: daina cin abinci, rashin barci, janyewa daga abokai, faɗuwar maki ba dalili, ko maganar mutuwa. Sakatare ya rubuta, in na saɓa a tuna mini.

Kammalawa

'Yan'uwana, da yawanmu yanzu manya ne a wuraren aikinmu, an daina gyara mana kuskure, ba don ba ma yi ba, sai don ana jin nauyinmu. Likita ne kai ko injiniya ko alƙali ko malami, ina ba ka shawara ka nemi wanda zai riƙa duba aikinka yana gaya maka gaskiya, ko da ya kai ɗanka ƙuruciya. Ku kuma ƙannenmu da ke baya, in kun ga ɗan'uwanku ya sauya, kada ku sa masa suna kamar yadda muka yi. Ku zauna kusa da shi, ku tambaye shi lafiya, ku sanar da malami.

Daga ƙarshe, ina da roƙo ga 'yan ajinmu. In akwai wanda ya san inda ɗan'uwan nan namu yake, ko inda danginsa suke, don Allah ya same ni bayan an tashi. Ina so in je in gaishe shi, in kuma nemi gafararsa a madadinmu duka.

 Allah Ya maimaita mana, Ya mai da kowa gidansa lafiya.